Akwai lokacin da zubar da jini yake halatta a siyasa?

Dan_Zangon_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni barci tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta gaban manya. Muna zaune teburin mai shayi nan Agege bayan isha'i, ni da ƙanena da abokansa. Shi yaron sau biyu ana ƙwace masa babur tun da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022, na biyun ma bashi ne, bai gama biya ba. Da hira ta kai kan siyasa sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaya, a ƙasar nan ba wanda ya taɓa samun haƙƙinsa da lallami. Sai ranar da talaka ya fara ƙone-ƙone za a san da zamansa." Abokansa duk suka ce haka ne. Na yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai don girmamawa, amma na ga a idonsa ban gamsar da shi ba. Ni ma da na kwanta sai na rasa abin da zan ce masa banda "haramun ne" da "za a kashe ka". To ina tambaya, shin akwai lokacin da tashin hankali yake halatta a siyasa, ko babu shi sam komai zaluncin da ake yi? Ina neman amsar da zan iya kai wa yaron nan.

Baba_Mai_Goro:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kawo mini shi in ba shi labarin Idi Araba. Farkon Fabrairun 2002 ne, mako guda bai cika da fashewar bama-baman barikin Ikeja ba, mutane ba su gama binne gawarwakinsu ba, faɗa ya ɓarke. Kwana uku ana yi, aka kashe mutum wajen 100. Ina da rumfa a lokacin, ranar na sauke huhun goro huɗu ko kwancewa ban yi ba. Wata Bayerabiya maƙwabciyata mai sayar da garin rogo ita ta ja hannuna ta tura ni ƙarƙashin gadonta, ta jera buhuna a bakin gadon, ta zauna a ƙofa tana tankaɗe kamar ba komai. Ina jin ƙafafun masu adduna suna wucewa, ina jin warin hayaƙin rumfata. Da asuba ɗanta ya raka ni har inda motar sojoji take kwashe mutane zuwa bariki. Yaron shagona, ɗan shekara 17, ban sake ganinsa ba, kuma ni na je Kura na gaya wa uwarsa. Masu zuga mu da masu zuga su, ba wanda ɗansa ya yi ko ƙwarzane. Ka gaya wa ƙanenka wuta ba ta san wanda ya kunna ta ba.

Sadauki_Mile12:
Allah ya jiƙansa Baba, Allah ya ba da haƙuri. Amma da girmamawa, wannan faɗan ƙabilanci ne, talaka ya kashe talaka. Ba shi ake tambaya ba. Tambayar ita ce idan gwamnati ce take zalunci, ta toshe duk ƙofa, me ya rage? Mandela da duniya take yabo ai makami ya ɗauka. Aljeriya shekara takwas suna yaƙi da Faransa, daga 1954 zuwa 1962, kafin su sami 'yanci. Da sun zauna suna rubuta takardun koke da har yau Bature ke mulkinsu.

Malama_Tarihi:
Sadauki, gaskiya ne Mandela ya ɗauki makami, amma a faɗi labarin duka. Jam'iyyarsu ta ANC an kafa ta tun 1912, ta yi kusan shekara 50 tana bin hanyar lumana. Sai bayan 'yan sanda sun harbe mutum 69 a Sharpeville a Maris ɗin 1960, aka haramta jam'iyyar gaba ɗaya, sannan suka kafa reshen yaƙi a 1961. Ko a lokacin ma turakun lantarki da gine-ginen gwamnati suka fara hari, suna kauce wa kashe mutane. Kuma baƙar fata ba shi da ƙuri'a kwata-kwata a ƙasar haihuwarsa. Ya shekara 27 a kurkuku, a ƙarshe kan teburi aka zauna, aka yi zaɓe a 1994. Duk wanda zai kafa hujja da Mandela sai ya fara nuna mana shekara hamsin ɗinsa na haƙuri, ya kuma nuna cewa an hana shi ƙuri'a.

Sadauki_Mile12:
Wace ƙuri'a Malama? A zaɓen gwamna na Maris 2023 ina kan layi a rumfarmu, wasu ƙarti suka zo suna duban fuskokin mutane suna cewa wanda ba zai zaɓi nasu ba ya koma gida. Mata suka watse. Wani dattijo da ya tsaya musu sai da suka fasa masa baki. Ƙuri'ar da sai mai gora ya yarda za ka jefa, sunanta ƙuri'a?

Direban_Tanka_Apapa:
Na ga irin wannan nima. Amma Sadauki ka lura, abin da ya ɓata maka rai ɗin shi ne tashin hankali a siyasa. Su ma waɗancan ƙartin in ka tambaye su za su ce gari suke karewa kada baƙi su ƙwace musu. Kowa da hujjarsa a bakinsa. In ka halatta wa kanka, ka halatta musu ke nan, kuma sun fi ka gora a garin nan.

Barista_Ebute_Meta:
Bari in sa baki ta fuskar doka, don ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 33, ya ba kowa haƙƙin rayuwa, kuma a cikinsa ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado don kare kansa ko wani ko dukiya daga farmakin da ba bisa doka ba. Sashe na 40 ya ba ka damar taro da shiga ƙungiya cikin lumana. Amma sashe na 1 ya haramta wa kowa karɓar mulkin Najeriya ko wani yanki nata ta hanyar da ba kundin ya tsara ba. Wato in an zo ƙofar gidanka da adda, kana da hurumin kare iyalinka. In ka fita ka ƙona motar haya don an ƙwace maka babur, wannan laifi ne mai zaman kansa, kuma alƙali ba zai saurari labarin babur ba.

Hajiya_Alaba_Rago:
Barista, dokar tana da kyau a takarda. Ni dai ina son in ji ta bakin malamai, don yaranmu sun fi jin Allah ya ce Annabi ya ce.

Ustaz_Obalende:
To Hajiya, gwargwadon abin da Allah ya sanar da mu. Jini abu ne mai nauyi ƙwarai. A Suratul Ma'ida aya ta 32 Allah ya ce wanda ya kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne. Sahabbai sun shekara 13 a Makka ana gallaza musu, an kashe Sumayya, an ɗora wa Bilal dutse a ƙirji cikin rana, ba a ba su izinin yaƙi ba sai bayan hijira, lokacin da suke da shugaba da gari da tsari. Ko da aka ba da izinin sai da aka gindaya iyaka, ba a kashe mace, ba a kashe yaro, ba a kashe tsoho, ba a sare itatuwa barkatai. Jumhurun malaman Sunna sun hana fito-na-fito da shugaba da makami saboda sun duba tarihi sun ga ɓarnar da ke biyo baya ta fi wadda ake son gyarawa. Amma a kula, wannan ba ya nufin a yi shiru. Hadisi ya tabbata cewa mafificin jihadi shi ne faɗar gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Malamin da ya karanta wa talaka ayoyin haƙuri, ya je gidan gwamnati ya kasa karanta ayoyin adalci, rabin amana ya sauke. Mu ma muna da laifi a cikin abin da ya sa yara irin ƙanen mai tambaya ba sa jin maganarmu.

Basakkwace77:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, ba don jayayya ba. Shehu Usmanu fa? Ai Yunfa Sarkin Gobir shugaba ne, kuma Shehu ya yaƙe shi. Mu da muka taso muna alfahari da 1804, ta yaya za mu ce wa yaro ɗaukar makami bai taɓa halatta ba?

Ustaz_Obalende:
Tambaya ce mai kyau ɗan'uwa, kuma ban ce bai taɓa halatta ba. Shehu ya yi kusan shekara 30 yana wa'azi da karantarwa, yana yawo Gobir da Zamfara da Kabi da littafi a hannu. Bai fara da takobi ba. Da aka matsa wa jama'arsa, ƙaura ya yi daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka biyo su da yaƙi, sannan aka gwabza a Tabkin Kwatto. Kuma ga abin da ba a cika faɗa wa yara ba: ƙaninsa Abdullahi, wanda ya jagoranci mayaƙa da kansa, shekaru kaɗan da fara yaƙin ya ga mutane sun koma neman ganima da sarauta da ƙwaraƙwarai, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Shehun Borno El-Kanemi kuma ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello yana tambayar da wace hujja ake yaƙar Musulmin Borno. In har yaƙin da malamai irin waɗannan suka jagoranta ya sha wannan tuhuma daga cikin gida, me kake tsammani daga wanda ɗan siyasa ya shirya a ɗakin otal?

Basakkwace77:
Na gamsu da rabi Malam. Rabin da ya rage shi ne, ashe dai akwai lokacin. Saura sanin wa zai ce lokacin ya yi.

Maman_Hanifa:
Ni ba malama ba ce, tuwo da miya nake sayarwa, amma ina Fagba a Oktoban 2020. Kwanakin farko na zanga-zangar EndSARS har abinci na kai wa yaran da ke kan titi, don nawa ɗan ma an taɓa tare shi a hanya an bincike masa waya an karɓe kuɗin da ke aljihunsa. Kowa ya san suna da gaskiya. Ran 11 ga wata aka ce an rusa rundunar 'yan sanda ta SARS. Daga ranar 20, da aka yi harbi a Lekki, gari ya birkice. Aka ƙona motocin BRT a Oyingbo, aka ƙona babbar kotu ta Igbosere, aka shiga fadar Oban Legas. Mu kuma a Fagba abin ya juye ya zama Hausa da Yarbawa, alhali ba mu muka yi harbi a Lekki ba, ba mu da ɗan sanda ko ɗaya. Tukwanena uku manya, da injin markaɗe da na saya da kuɗin adashi, da buhun shinkafa da ban buɗe ba, duk suka tafi. Na gudu da Hanifa a goye, takalmi ƙafa ɗaya. Abin da nake so ƙanen mai tambaya ya gane shi ne, a Legas duk abin da ya tashi, ko da me ya fara, a kan Bahaushe yake ƙarewa. Mu ne a bakin titi, mu ne ba mu da katanga.

Sadauki_Mile12:
Sannu Maman Hanifa, Allah ya mayar da alheri. Amma wa ya fara a Lekki? Yara suna zaune da tutar ƙasa suna waƙar ƙasa. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa da kanta ya ce an kashe mutane a wurin, gwamnati ta ƙi karɓar wannan ɓangaren rahoton. Kullum talaka ake yi wa wa'azin zaman lafiya, mai bindigar gwamnati ba wanda yake masa.

Malama_Tarihi:
A nan kam ina tare da kai. Harbin hukuma ma tashin hankali ne na siyasa, kuma shi ne ya fi haifar da 'ya'ya. Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda aka kashe shi a Yulin 2009 ba tare da shari'a ba, ga abin da ya biyo baya muna gani har yau. Haka a Agustan 2024, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar tsadar rayuwa, sannan aka kwaso yara ƙanana daga Arewa aka gurfanar a kotu a Abuja cikin Nuwamba, wasu suna faɗuwa don yunwa a gaban alƙali. Duk wanda ya ga hoton nan bai ji zafi ba ya binciki zuciyarsa. Amma ka lura da abin da ya fito da su: surutun jama'a ne da kunyar duniya. Ba wanda ya fasa gidan yari.

Direban_Tanka_Apapa:
Ƙanen naka ya ce ba a taɓa samun komai da lallami ba. Shekararsa nawa a Janairun 2012? Ni ina Ojota. An wayi gari ranar sabuwar shekara litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Muka ajiye motoci, kasuwa ta rufe, banki ya rufe, titin Ikorodu fayau kamar ranar ƙidaya. Musulmi suna sallah Kirista sun kewaye su. A Kano ma haka aka yi. Mako guda gwamnatin Jonathan ta sauko zuwa 97. Ba mu ƙona ko taya ɗaya a inda nake ba.

Sadauki_Mile12:
An harbe matashi a Ogba a wannan makon, an kashe wasu a Kano, kuma a ƙarshe sojoji aka jibge a Ojota. Sannan 97 ba 65 ba ce.

Direban_Tanka_Apapa:
Haka ne, ban musa ba. Amma an samu wani abu, kuma washegari kowa ya tarar da shagonsa a inda ya bar shi.

Bazamfare_Oko_Oba:
Ku yi haƙuri, duk maganar birni kuke yi. Ni a mayankar Oko-Oba nake aiki amma iyayena suna ƙauye a yankin Zurmi. Can ba maganar zaɓe ko fetur ake ba. Mutane su zo a kan babura da tsakar dare, su kore shanu, su ɗauki mata, su sa wa gari haraji kafin a yi girbi. Ka kira hukuma, sai gari ya waye su iso. Ƙanen mahaifina da bindigar toka ya tsaya a bakin gari shi da mutum tara, shi ya sa garinmu bai tashi ba. Wani zai ce mini haramun ya yi?

Ustaz_Obalende:
Ba wanda zai ce haka. Hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa shahidi ne. Wannan kare kai ne, Barista ma ya faɗa a sama.

Jikan_Ardo:
Bazamfare, Allah ya kare iyayenka. Amma ka faɗi ɗaya gefen. Ni Bafulatani ne, a Zamfara aka haife ni. 'Yan sa-kai da kare kai suka fara, ba wanda ya ƙi. Daga baya sai ya zama duk Bafulatanin da ya shigo kasuwa ranar cin kasuwa ana iya kama shi a yanka a bainar jama'a ba bincike. Ɗan yayata madara ya kai, bai dawo ba. Yaran da suka ga an yi wa iyayensu haka, da yawansu su ne a daji yanzu. Ban ce suna da hujja ba, wallahi ba su da ita, abin da suke yi ta'addanci ne. Ina nuna maka ne yadda kare kai yake zamewa ya zama ramuwa, ramuwa ta zama sana'a.

Bazamfare_Oko_Oba:
Na san an yi haka, kuma ban goyi baya ba. Allah ya jiƙansa. Amma in ka ce kawuna ya ajiye bindiga yau, gobe ba garin.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a ci gaba cikin mutunci kamar yadda ake yi. Na goge saƙonni biyu da suka zagi ƙabila. Kuma a tuna tambayar siyasa ce aka yi.

Bazamfare_Oko_Oba:
Ranka ya daɗe ai siyasar ce. Wa ya bar mu ba tsaro?

Na_Tuba_2015:
Ban taɓa magana a zauren nan ba sai yau. Ni na yi jagaliya shekara shida a gida kafin in zo Legas. Ko Kalare ake ce muku a Gombe, ko Sara-suka a Bauchi, ko 'yan daba a Kano, aikin ɗaya ne. Daren zaɓe ake tara mu a wani gida, a kawo ƙwaya a leda da kuɗi sabbi a ƙunshe, a ce mana ɗaya ɓangaren sun shirya magudi, mu ne za mu kare ƙuri'ar talakawa. Ka ji kalmar? Kare ƙuri'a. Ba a taɓa ce mana ku je ku yi zalunci ba, kullum mu ne masu gaskiya. Abokina da muka taso tare, a gabana aka sare shi a wuya kan akwati ɗaya, na riƙe kansa a cinyata har ya cika. Mai gidan namu ya aiko da buhun shinkafa da yadin likkafani, bai zo jana'iza ba. Ba a yi shekara biyu ba ya koma jam'iyyar waɗanda suka kashe shi, na ga hotonsu suna rungume da juna suna dariya. 'Ya'yansa a lokacin suna karatu a waje. Yanzu dako nake yi a Mile 12, kwandon tumatir nake ɗauka, kuma wallahi barcina ya fi daɗi. Ɗan'uwa ka gaya wa ƙanenka, ranar da ya fito da wannan zafin zuciyar, akwai mai jiran ya saya, kuma da araha.

Hajiya_Alaba_Rago:
Allahu akbar. Allah ya karɓi tubanka ɗana, ya jiƙan abokinka.

Dan_Maradi:
Mu a Nijar sojoji suka kifar da Bazoum ran 26 ga Yulin 2023 ba a zubar da jini ba, jama'a suka fito suna murna a Yamai. Wannan fa, ina yake a lissafinku? Ai shi ma ƙarfi ne.

Malama_Tarihi:
Ƙarfi ne, kuma mu mun riga ku ɗanɗana shi. Waɗanda suka yi juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 cewa suka yi cin hanci za su kawar. Suka kashe Sardauna a Kaduna, suka ɗauke Tafawa Ɓalewa daga gidansa nan Legas, aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, suka kashe Akintola da Birgediya Maimalari. Bayan wata shida aka yi juyin mulkin ramuwa a Yuli, aka kashe Ironsi, aka kashe Inyamurai masu yawa a garuruwan Arewa, wanda shi ma dole mu faɗa, daga nan sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Na kai ɗalibaina gidan tarihi na Onikan, inda aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Murtala a ciki ran Juma'a 13 ga Fabrairun 1976. Ramukan harsashi suna nan a jikinta. Wata yarinya ta tambaye ni, "Malama, ba shi ne kowa yake so ba?" Na ce shi ne. Shi ma da juyin mulki ya hau, watanni shida da 'yan kwanaki aka sauke shi da bindiga a cikin cunkoson motoci. Ƙofar da ka shiga da ƙarfi a buɗe take zama ga na bayanka.

Dan_Maradi:
Allah ya sa namu kada ya bi wannan hanyar. Amma mutane sun gaji ne Malama, ba son soja suke ba.

Baba_Mai_Goro:
Tun da an zo kan tarihi, ku tuna da 12 ga Yuni. Abiola ya ci zaɓen 1993, har a Kano ya kayar da Bashir Tofa a gidansa, mu nan Hausawan Legas da yawa shi muka zaɓa. Babangida ya soke. Zalunci ne tsagwaronsa, ba mai musu. Aka fito tituna, sojoji suka harbe mutane da yawa. Matarsa Kudirat, haifaffiyar Zariya, a kan titi aka harbe ta nan Legas a 1996. Daga wannan fushin aka kafa ƙungiyar OPC a 1994 don neman haƙƙin Yarbawa. To amma zuwa 1999 da wa ake faɗa a Shagamu da Ketu? Da mai goro da mai albasa. Shi ya sa Sadauki, da ka ce labarina na ƙabilanci ne ba na siyasa ba, ban yarda ba. Daga siyasa ya faro, gaskiya ce ta haife shi, a kanmu ya sauka.

Sadauki_Mile12:
Na karɓi wannan gyaran Baba. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da mutum zai yi in an bi duk hanyar lumana an ƙi ji.

Jikar_Sawaba:
Sadauki, wa ya bi duk hanyar? Mu nawa ne a Legas, kuma mu nawa muka mayar da katin zaɓenmu nan? Yawancinmu sai zaɓe ya zo mu cika mota mu tafi gida, shi ya sa ɗan takarar kansila ma ba ya tsoronmu. Malam Aminu Kano da mutanensa sun kafa jam'iyyar NEPU a 1950, lokacin da ɗan talaka bai isa ya ɗaga ido gaban hakimi ba. An yi musu bulala, an ɗaure su, an kore su daga garuruwansu, an sa 'yan banga sun farfasa musu kai. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 ana kai ta kurkuku, an aske mata kai, an yi mata dukan kawo wuƙa. Ba su kafa runduna ba. Amma yau ba dogarin da zai kama ka kan haraji ko aikin tilas, kuma matan Arewa da ba su da ƙuri'a sai a shekarun 1970, ga shi muna jefawa. A 1979 jam'iyyar Malam Aminu Kano, PRP, ta ci Kano da Kaduna da akwati. Hanyar tana da tsawo ne kawai, kuma ba ta da daɗin kallo a waya.

Basakkwace77:
'Yan NEPU ma sun rama duka a wasu wurare Hajiya, ba duka suka tsaya ana dukansu ba. Kuma a Kano a Yulin 1981, rikicin gwamna Rimi da fada, an kashe Dakta Bala Muhammad a gidansa. Siyasarmu ba ta taɓa rabuwa da jini ba.

Jikar_Sawaba:
Gaskiya ne. Kuma a 2011 an kashe sama da mutum 800 bayan zaɓe, har da masu yi wa ƙasa hidima a Bauchi, sakamako bai canja ba ko da ƙuri'a ɗaya. A 2015 mutane suka kwana a rumfuna suna gadin ƙuri'arsu da fitilar waya, Jonathan ya ɗaga waya ya taya Buhari murna. Ko mulkin ya yi maka daɗi ko bai yi ba, wannan wata magana ce, amma an sauke shugaba mai ci ba a ƙona gari ba.

Dan_Zangon_Agege:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na miƙa wa yaron wayata ya karanta tun daga sama. Ya daɗe a kan saƙon Na_Tuba, ya karanta sau biyu, bai ce komai ba. Da ya gama sai ya ce ya yarda ƙone-ƙone ba zai dawo masa da komai ba, kuma bai san labarin Idi Araba ba sai jiya. Amma ya ce in tambaye ku: mai babur yana zuwa karɓar kuɗinsa duk Asabar, babur kuma an niƙe shi. A cikin duk hanyoyin lumanar da aka lissafa, wacce ce za ta kai shi Asabar?

Barista_Ebute_Meta:
Ka turo mini bayanin yarjejeniyar da suka yi da mai babur ta akwatin sirri, in duba ko akwai inda za a sassauta masa biyan. Ba zan karɓi komai ba. Babur ɗin kam in a yankin da aka hana aka kama shi, kada in yaudare ka, da wuya.

Direban_Tanka_Apapa:
Yaron motata ya koma gida tun watan jiya. In yana iya tafiyar Legas zuwa Kano kuma ba ya shaye-shaye, ya same ni a gareji ranar Litinin da safe.

Sadauki_Mile12:
Madalla, Allah ya biya ku. Shi an samar masa. Amma babura dubbai aka niƙe, kuma kowane da mai shi. Tambayata tana nan yadda take.

Ustaz_Obalende:
Tana nan ɗan'uwa, ban ce na rufe ta ba. Ka zo masallaci bayan la'asar ranar Lahadi mu zauna, ka zo da abokan naka masu irin ra'ayinka. Baba Mai Goro, in jiki ya yarda muna son ka zo kai ma.

Baba_Mai_Goro:
In Allah ya kai mu zan zo. Ƙafar ce take damuna, a samu mai Keke ya ɗauko ni daga Mushin.